Baba Ba Ya Kira Sau Biyu

Baba ba ya kiran mutum sau biyu. Haka yake tun 'ya'yansa suna ƙanana. In ya kira ka ba ka amsa ba, sai ya kira na kusa da kai, kai kuma ka wuni da kunya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da harshensa da hannunsa na dama, ko sau ɗayan ma sai ya gagare shi.

Babban ɗansa, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi ya haɗa masa akwatin kira. Ɗan ƙaramin abu ne kamar gidan sabulu, da maɓalli biyu da 'yar fitila. In aka danna na hagu, ƙararrawar da ke aljihun Injiniya ta yi kuka. In aka danna na dama, ta aljihun Auta ce, ƙaninsa mai aski a tsallaken titi. A cikin akwatin akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farce ba, kuma abin mamaki, barci take yi. Injiniya ne ya koya mata, don kada batir ya ƙare. In an motsa akwatin ta farka ta kunna fitila, in ta ji shiru ta koma ta kwanta. Fitilar ma bai bari ta mutu farat ɗaya ba. Ya sa tana dushewa a hankali kamar garwashi, don kada ta firgita tsohon.

Abin da ya hana Injiniya sukuni shi ne tasa ƙararrawar ba ta taɓa kuka ba.

Shagonsa yana jikin gidan, bango ɗaya ya raba shi da zaure. Yana zaune kan waya da dalma sai ya hango Auta ya tsallako titi da gudu, tawul a kafaɗa, ya bar wani bawan Allah da rabin kai. Can sai ya fito yana yarfe hannu.

"Me yake so?" in ji Injiniya, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Juyi kawai, Yaya. Bayansa ya gaji."

"Ina nan ai. Taku nawa ne?"

"To ni na danna wa kaina? Ka tambayi akwatinka mana."

Ya tambaye shi kuwa. Ya ɗauko shi ya kai shago, ya danna hagu har yatsansa ya yi zafi, kowane danni ƙararrawa tana kuka a aljihunsa. Ya sake batir. Ya auna wayoyi. Lafiya lau. Da a ce ya sami matsala da ya ji sanyi, amma babu. Ke nan hannun da ke dannawa ne ba ya son hagu.

Matarsa ta kawo masa shayi ta tarar ya zuba wa ƙararrawar ido a kan tebur.

"Maigida, in ka ci gaba da kallonta haka, ƙwai za ta saka maka."

"Ni na haɗa abin nan. Ni nake kai shi asibiti. Amma in ruwa yake so, sai mai aski."

"Auta ai ɗan lele ne ko ina. Kai da furfura a gemu kake kishi da ƙaninka?"

"Wa ya ce kishi nake? Magana ce ta gaskiya."

"To sha shayinka, mai gaskiya, kafin ya huce."

Har wani tunani ya zo masa wanda bai gaya wa kowa ba. Waya biyu ce kacal. In ya musanya su, duk kiran Auta shi zai riƙa samu. Ya kai ga ɗaukar sukudireba, sai ya tuna fuskar da Baba zai yi in ya kira wani, wani ya shigo. Ya ajiye.

Maimakon haka sai ya ce bari ya gani da idonsa. Wata rana da la'asar ya rufe shago, ya cire takalmi, ya laɓe bayan labulen ɗakin Baba. Ɗakin yana warin man zafi. Tsohon yana kwance yana kallon wani ƙadangare a jikin taga, ƙadangaren ma yana kallonsa, kamar tsofaffin abokai da zance ya ƙare musu. Da ya gaji, sai hannunsa na hagu ya fara tafiya a kan bargo, a hankali, kamar kunkuru. Ya jawo akwatin. Fitila ta kama.

Injiniya ya ƙura ido ta gefen labule.

Yatsan ya daɗe yana rawa a sama. Hannun ba ya sauri, sai da fitila ta fara dushewa. Ganin haka tsohon ya zaro ido, ya tattara ƙarfinsa kamar mai bin motar da ta fara tashi, ya danna kafin hasken ya ƙare.

Hagu ya danna.

Injiniya ya dafe aljihunsa. Shiru. Baba ya juya kai wajen ƙofa yana jira. Ya jira har ƙadangaren ya tafi. Sannan ya lumshe ido, ya matsar da yatsa, ya danna dama. Ba a jima ba aka ji takun Auta a zaure.

Injiniya bai san yadda ya koma shago ba. Ya buɗe kwamfuta ya nemo umarnin da ya rubuta wa ƙwaƙwalwar, wurin da take shirin barci, ya bi shi da yatsa layi-layi. Ga shi nan a fili. Da farko tana dubawa: akwai mai kira? Babu. Sai ta hau dushe fitila. In ta gama, sai ta share duk wani ƙwanƙwasa da ya taru a ƙofarta, don kada motsin banza ya tashe ta, ta kwanta. Duk kiran da ya shigo tsakanin dubawa da kwanciya, sharewa take yi tare da shara. A shago shi yana dannawa ne da sauri, ko fitila na ci sosai ko ta riga ta mutu. Baba kuwa dushewar ce ke ingiza shi, don a zatonsa akwatin ba ya ji sai da haske. Kullum kiransa da barcin suna rige-rige a bakin ƙofa ɗaya, kullum barci ke riga. Kiran da ya zo na biyu kuma, na Auta, sai ya tarar da ita tana barci sosai, ya tashe ta, ta yi aikinta.

Gyaran bai fi layi kaɗan ba. Ya sa ta fara gama dushe fitilar. Sannan ta tare ƙofa, ta duba na ƙarshe, in akwai kira ta fasa barcin. In babu, ta kwanta ta saki ƙofar a lokaci guda, ba tazarar da wani abu zai faɗa. Sharewar nan kuma ya cire ta gaba ɗaya. Ya je ya ɗauko akwatin, ya gwada yana danna hagu a tsakiyar dushewa, da farkonta, da ƙarshenta. Kowane karo aljihunsa yana kuka.

Auta ya leƙo da tawul ɗinsa. "Yaya, ina akwatin Baba? Kuma wa ya bar takalmi a ƙofar ɗakinsa?"

"Ni yake fara kira," in ji Injiniya. "Kullum. Kai ragowa kake samu."

"Ikon Allah. To me ya hana ka zuwa?"

Injiniya ya mayar da kai kan kwamfuta. Auta ya yi dariya ya koma wa wani da ya bari da rabin kai.

Washegari ya mayar da akwatin, ya koma shago ya zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, ƙararrawa shiru. Zuciyarsa ta fara raya masa abubuwa. Mutumin da ba ya kira sau biyu, yaushe zai gaji da wanda bai taɓa amsawa ba? Da la'asar ya kasa haƙuri, ya sake laɓewa.

Hannun ya jawo akwatin. Fitila ta kama. Yatsan ya tsaya a kan hagu, yana rawa. Fitila ta fara dushewa. Sai Injiniya ya ga yatsan ya bar hagu bai danna ba, ya fara jan jiki zuwa dama.

Ya yaye labulen ya durƙusa a bakin gadon.

"Baba, tsaya. Ba ni ne na ƙi zuwa ba. Abin nan ne yake cinye kiran. Ka gani."

Ya kama yatsan, mai sanyi, mara nauyi, ya mayar da shi hagu ya danna, daidai lokacin da hasken ke ƙarewa. Aljihunsa ya ɗauki kuka. Tsohon ya dubi aljihun, ya dubi fuskar ɗansa, ya daɗe yana dubawa. Injiniya ya saki hannun. Ƙararrawar ta yi shiru.

Baba ya ɗaga yatsa da kansa, ya sake danna hagu.

Tana cikin kuka Auta ya shigo da kayan aski, don ranar gyaran gemun Baba ce. Ya tsaya a ƙofa yana kallonsu.

"Yaya, kashe ta mana, ai ka zo."

"Bar ta. Sau biyu ya kira ni."

"Ni sau ɗaya yake kirana in zo," in ji Auta, yana kaɗa kumfa a kofi.

Ɓarin bakin Baba mai lafiya ya ɗan motsa. Injiniya ya miƙa hannu ya karɓe tawul ɗin daga kafaɗar ƙaninsa, ya shimfiɗa a ƙirjin tsohon da kansa.