Silvanus Ya Wanke Tukwanen Kakanni

Tun ranar da Milka ta ce ilmin tonon kayan tarihi za ta karanta a jami'a, hankalin babanta Silvanus bai kwanta ba. Manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kafanchan, tun yana yaro yake tonon ƙasa, bai kuma taɓa jin an ba wani satifiket a kan haka ba. Yanzu ga ta a shekarar ƙarshe, aikin bincike ɗaya ya rage mata, sai aka fasa zuwa wurin da za ta yi tonon saboda hanyar ba lafiya. In ba ta samu wani wuri ba cikin wata biyu, sai ta maimaita shekara. Silvanus ya kai maganar taron addu'a har sau uku.

Ran nan, bayan ruwan farko na Afrilu, yana gyaran gona, sai garmarsa ta bugi wani abu. Ya tona da hannu, sai ga tukunya a kife, gefenta wasu biyu a fashe, da gutsattsari masu zane. Ya ɗauki hoto ya tura wa Milka. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira.

"Baba, kar ka taɓa komai! Ran Asabar zan zo da malamata, Dakta Ifeyinwa."

Ya ji "kar ka taɓa" sarai. Amma Milka yarinya ce, ba ta san karɓar baƙo ba. A gidan nan ko fasto ne zai zo shan ruwa sai an wanke kujeru. Yaya za a ce Dakta guda ta taso daga jami'a, a kai ta bakin rami a nuna mata fasassun tukwane cikin laka? Ai sai ta ce Milka 'yar ƙazamai ce, ta rage mata maki.

Ran Juma'a ya kwashe komai cikin baro ya kawo gida. Ramin kuma ya cike shi, ya daddaɓe, kada baƙuwa ta gurɗe ƙafa. Matarsa Lai'atu ta ɗebo ruwa a baho, ta zuba omo, ta leƙa cikin babbar tukunyar.

"Kai! Baban Milka, zo ka ga ƙanzo. Wannan mata ba ta iya wanke-wanke ba."

"Ki bar zagin matattu. Wataƙila an kira ta ne da gaggawa."

"Ta tafi shekara dubu ba ta dawo ba?"

Ta sa cokali ta kankare baƙin ƙanzon tas, ta watsa wa kaji. Silvanus yana goge wani guntu sai ya ga shaidar babban yatsa a bakinsa, inda maginiyar ta danna yumɓu tun yana ɗanye. Ya ɗora nasa yatsan, ya yi wa wurin girma. Sai ya shiga tunanin mijin matar. Ko shi ma yana da 'ya mai taurin kai? Ko yana tsayawa a gonar nan yana kallon hadari ta wajen Kagoro yana lissafin ranar shuka?

"Maman Milka, da me kike gani suke miya, ba magi ba tumatirin gwangwani?"

"Daddawa mana. Kakata ta mutu ba ta san magi ba, kuma miyanta ya fi naka baki daɗi. Miƙo soso."

Da suka bushe, Lai'atu ta shafa musu ɗan manja don su yi ƙyalli. Aka shimfiɗa zanen tebur na Kirsimeti, aka jera su daga babba zuwa ƙarami.

Da hantsin Asabar baƙi suka iso. Dakta Ifeyinwa gajeriya ce mai takalmin roba, ta girma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, Hausa a bakinta kamar ruwa. Aka gaisa, Silvanus ya buɗe ƙofar falo da kansa, ya ja gefe yana murmushi.

Milka ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta ta zame daga kafaɗa. Dakta ta ƙarasa gaban tebur, ta ɗauki tukunyar, ta shinshina.

"Baba, wannan omo ne?"

"Sau biyu aka ɗauraye, Madam."

"Baƙin abin da ke ciki fa?"

"Ƙanzon? Babu ko ɗigo," in ji Lai'atu da alfahari.

Dakta ta zauna a hankali. Ta yi musu bayani ba tare da faɗa ba. Ƙanzon nan shi ne za a kai ɗakin gwaji ya faɗi abin da mutanen suka dafa, ko gero ko acca, ya kuma nuna shekarunsu. Zurfin da tukunya take, da abin da ke kwance kusa da ita, shi Milka za ta auna ta rubuta.

"In an cire shi daga wurinsa an wanke, Baba, ya zama tukunya kawai."

Milka hawaye kawai take sharewa da bayan hannu. Wannan ya fi ihu zafi a wurin Silvanus. Ya dubi tsakar gida.

"Madam, kajin da suka ci suna nan. Guda huɗu ne. In za a tafi da su ɗakin gwajin…"

Dakta ta yi dariya har da tari, Milka ma dariyar ta kuɓuce mata cikin kuka.

"Mu je mu ga gonan," in ji Dakta.

A can ya nuna mata inda ya cike. Ta durƙusa a gefe, ta fito da ɗan cokalin magina, ta yi ta kankarar ƙasa kamar mai tsoron ta ji mata ciwo. Can ta kira Milka. Wata baƙar ƙasa mai gawayi ta ci gaba daga inda tonon Silvanus ya tsaya, ta nufi tsakiyar gona, daidai wurin da ya fi ba shi citta kowace shekara.

"Wannan ba wanda ya taɓa shi. Amma aikin zai ci sati shida, daga nan har iccen ɗorawan can."

"Sati shida!" in ji Lai'atu. "Baban Milka, iri ya riga ya tsiro, jibi za mu shuka. Citta ba ya jiran mutum."

Silvanus ya sani. In Mayu ya wuce, bana kam babu citta a nan. Ya dubi gonar, ya dubi 'yarsa da ta sunkuyar da kai don kada ta roƙe shi da ido.

"Madam, in na bar wurin, za ta gama?"

"In akwai abu a ƙasa, za ta gama. Ban yi maka alkawari akwai ba."

Ya cire hularsa ya sosa ƙeya, ya mayar. Sai ya zare adda, ya shiga jeji gefen gona, ya dawo da turaku huɗu.

"Nuna mini inda zan kafa. Maman Milka, irin nan a kai wa yayanki Kaleb ya shuka abin da gonarsa za ta ɗauka."

Lai'atu ta yi tsaki, amma ita ta ɗauko dutsen da aka buga turakun. Milka ta warware igiyar awo, ta miƙa masa gefe ɗaya.

"Baba, riƙe nan. Kar ka motsa."

"In na ga wani abu fa?"

"Ka kira ni. Hannunka a kan igiya."

Ya riƙe da hannu biyu, ya tsaya ƙyam a tsakiyar gonarsa, tana ja da baya tana kiran lamba, Dakta na rubutawa.