Ranar da Tata Fezile Ya Ɓata Ƙwallo

A Mazaleni ba a tambayar yaro ko zai yi wasan kurket, sai dai a jira a ga haƙarƙarin wa zai fara kumburawa. Mu masu jifa ne, jifan ma na ƙarfi. Mutum ya ja da baya har kusan garken shanu, ya taho a guje, ya saki jan ƙwallon fata ya daki ƙasa ya taso wa mai bugu a ƙirji, ko ya wuce shi ya tumɓuke turaku ukun da yake tsarewa, shi ke nan an fitar da shi. Ƙauyukan hayin kogin Keiskamma suna taƙama da masu bugu. Su ta shafa, mu dai abin da muka gada ke nan.

Mun fitar da waɗanda suka ci abinci da wasan nan a birni. Akwai Mncedisi dogo, wanda ƙwallonsa ke saukowa daga sama ya taso wa mutum har haɓa, ya yi wa lardi wasa har wani kulob a Ingila ya ɗauke shi. Akwai Sivuyile ɗan gajere, shi nasa ba ya tashi, sulalewa yake yi ya sami idon sawu. Amma duk cikinsu babu wanda zai zauna in Tata Fezile, wato Baba Fezile, yana tsaye. Shi ne ubansu a jifa. Ya yi ƙuruciyarsa a zamanin da launin fata ke hana mutum shiga ƙungiyar lardi, don haka ƙarfinsa ya ƙare a dakon kaya a tashar jiragen ruwa da filayen ƙauye. Tsofaffi har yau suna nuna yatsunsu da suka karkace, su ce aikin Fezile ne, suna faɗa suna murmushi.

To shi wannan tsoho ɗa namiji ɗaya gare shi, Zolile, kuma a nan gizo ke saƙar.

Zolile ya fara da jifan ƙarfi har ana cewa uban ne ya dawo. Yana kan ganiyarsa a ƙungiyar lardi bayansa ya tsage, likitoci suka ce in ya sake gudun nan sai dai a tura shi a keke. Wani zai tattara ya dawo gida. Shi sai ya koyi jifan murzawa: taku kaɗan, a saki ƙwallon a hankali yana juyi a iska, in ya daki ƙasa ya karkace ya bi inda mai bugu bai zata ba. Da wannan ya daɗe a fagen fiye da kowane ɗan Mazaleni, ya fitar da masu bugu fiye da Mncedisi da Sivuyile a haɗe, har yatsansa na nuni ya yi kanta mai kauri. Birni ya san shi. Ubansa kuwa in an yi masa barka sai ya taɓe baki ya ce, "Yana cin abinci dai."

Abin da ya fi ci wa Zolile rai shi ne kafaɗar rago. Kowace shekara a hutun Kirsimeti ƙauyuka kan kara, wanda ya ci ya tafi da rabin rago. In Mazaleni ta ci, Tata Fezile ke riƙe wuƙa, kuma kafaɗa ta mai jifan da ya fi burge shi ce. Mncedisi ya ci ta, Sivuyile ya ci ta, har yaran da ba su taɓa taka birni ba sun ci ta. Zolile bai taɓa ba. Ga shi bana ya ajiye wasan, gwiwa ta ce ya isa, wannan karawar ita ce ta ƙarshe da zai yi. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya, yana kwaɗayin tsoka ɗaya daga hannun ubansa. Shi kansa ya san abin da ban dariya, amma sanin bai rage masa zafin ba.

Safiyar wasan ƙarshe yana ɗaure takalmi a ƙofar ɗaki, uwarsa Mama Nokwakha tana juya masara da wake a tukunya, tsohon ya fito sanye da farin wandonsa na wasa wanda cinyar dama ta yi ja saboda gugar ƙwallo.

"Yau jifa za ka yi," in ji Tata Fezile, "ko miƙa wa mai bugu ƙwallo za ka yi a hannu kamar mai ba da sadaka?"

"In an ba ni, zan yi abin da na iya, Tata."

"Abin da ka iya. Kafin ƙwallonka ya isa, mutum ya sha shayi ya wanke kofi."

"Kai tsoho, ka bar mini ɗa ya ci abinci," in ji Mama Nokwakha. "Kai da ƙarfin naka me ka kawo gidan nan ban da ciwon kafaɗa da nake gasawa?"

Tsohon ya ɗauki akwatin lemon da yake zama a kai ya yi gaba abinsa.

Da ƙauyen Sompondo za a kara, kuma Sompondo suna da Lwandiso. Yaro ne ɗanye, na zamanin nan, irin masu yawon gajerun gasanni daga Indiya zuwa tsibiran Karebiya. Sandarsa nauyi gare ta, kuma bai san wani abu wai shi tsaro ba, kowane ƙwallo so yake ya tura shi bayan layin iyakar fili. Mazaleni suka fara bugu suka tara abin da bai taka kara ya karya ba. Rabin ragon yana rataye a reshen ƙaya an lulluɓe shi da mayafi saboda ƙuda, kowa yana satar kallonsa.

Ƙarƙashin wannan bishiyar Tata Fezile ke kafa akwatinsa, daf da layi. Yana da wata al'ada da kowa ya sani. Duk ƙwallon da ya tsallake layi ta wajensa, ba mai taɓawa sai shi. Zai ɗauka, ya hura, ya goga gefe guda a cinyar wandonsa har ya yi sheƙi, sannan ya mayar. Ƙwallo mai sheƙi shi ke lanƙwasa a iska a hannun mai jifan ƙarfi. Mai murzawa kuwa ba abin da ya tsana irinsa, don yatsa ba ya kama santsi, ƙasa ma ba ta kama shi. Shekara da shekaru tsohon yana gogewa, ko ɗansa ne ke jifa ko ba shi ba.

Kyaftin ɗin Mazaleni, Thembelani, ya saki samarinsa masu gudu. Sun fitar da mutanen Sompondo ɗaya bayan ɗaya, amma Lwandiso ya tsaya ya ƙi tafiya. Iya ƙarfin jifan, iya nisan da ƙwallon ke yi. Ɗaya ya faɗa garken awaki, ɗaya ya daki kwanon coci. Sauran duk wajen tsohon suke zuwa, shi kuwa ya goge ya mayar, ya yi ihu, "Ƙara wuta, yaro! Nemi haƙarƙarinsa!" Yaron ya ƙara wuta, Lwandiso ya ƙara nisa.

Da abin ya kai Sompondo na neman maki ashirin da 'yan kai, mutum ɗaya kuma ya rage musu tare da Lwandiso, Thembelani ya zo wurin Zolile yana share gumi.

"Bhuti, yayana, ka rufa mana asiri. Yaran nan sun ƙare."

Zolile ya karɓi ƙwallon. Sumul yake kamar sabulu, ga gumi. Ya murza iya murzawa, ƙwallon ya tafi miƙe ko karkacewa bai yi ba. Lwandiso ya ɗaga shi sama ya tsallake layi, maki shida. Na biyu ma haka.

Hayin Sompondo ya kaure da ihu, suna kiransa Malume, wato kawu. "Malume, koma gida ka yi jinyar gwiwa!" "A kawo wa kawu kujera!" Wata mata mai faffaɗar murya ta ce, "Wannan ne na talabijin ɗin? Ashe gilashi ke ƙara masa kyau!" Lwandiso ya dogara da sandarsa yana dariya, ya ce, "Yi haƙuri, Malume, ni ma nama nake so."

Ƙwallon na biyu ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Tata Fezile. Zolile ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallo daga nesa. Ya san abin da zai biyo baya, ya gan shi tun yana saurayi. Baƙin ciki ya kama shi, ba na Lwandiso ba, na cewa haka zai ƙare, ubansa yana goge masa ƙwallo a ranarsa ta ƙarshe.

Tsohon ya ɗauka. Ya hura. Ya kai shi cinya, sai hannun ya tsaya. Ya daɗe yana kallon fili. Sannan ya dafa akwati ya sauko a kan gwiwoyinsa da ƙyar, ya danna ƙwallon cikin tsakuwa ya shiga dirzawa, gefe da gefe, kamar mai wanke gindin tukunya.

Fili ya fashe da hayaniya.

Alƙalin wasa, wani dattijon coci mai suna Mfundisi Gqirana, ya taho yana kaɗa hula. "Fezile! Ka haukace? An hana wannan!"

"A zamanina ba a hana ba."

"Zamaninka ya wuce tun kafin a haifi yaran nan! Kai ne uban ƙungiya, laifinka nasu ne. Na ba Sompondo maki biyar, kuma a canja ƙwallo."

"Ba su goma ma," in ji tsohon, yana miƙewa yana kakkaɓe gwiwa. Ya ɗaga murya yadda har hayin Sompondo sai da suka ji. "Ɗana mai murzawa ne. Ba a ba mai murzawa madubi a ce ya yi aiki. Ku ba shi ƙwallo ku ga abin da birni ke biyan kuɗi ya gani!"

Aka buɗe jakar ƙungiya. Mazaleni ba kantin kayan wasa ba ce, ƙwallo ɗaya ne ya rage a ciki, na bara, ya koɗe ya yi kaushi kamar dankalin da ya kwana biyu a rumbu. Tata Fezile ne ke ajiye jakar a ƙarƙashin gadonsa, ya fi kowa sanin abin da ke cikinta. Mutanen Sompondo suka yi ta ƙorafi, Mfundisi ya ce shi dai doka ta ce a canja, ya canja.

Zolile ya karɓa. Kantar yatsansa ta zauna a ɗinkin ƙwallon daram. Saura maki kaɗan Sompondo su ci, bugu ɗaya mai kyau ya isa. Amma abin da ya ji daga bakin ubansa ya riga ya cika masa ƙirji.

Ya taho da takunsa na tsohon da ba ya sauri. Ya saki ƙwallon sama, a hankali fiye da na baya, har ana jin ɗinkin yana huci a iska. Lwandiso ya ga nama. Ya baro layinsa ya taho da sanda sama, sai ƙwallon ya nutse tun bai iso ba, ya daki ƙasa, ya karkace ta tsakanin sanda da ƙafa, ya je ya taɓa turken tsakiya. Ba tumɓukewa, ba ƙara irin ta jifan Mazaleni. Ɗan itacen da ke bisa turakun ne kawai ya faɗo ƙasa.

Lwandiso ya juya ya kalli turakun, ya kalli Zolile, ya cire hularsa. "Malume," ya ce, "wannan zalunci ne." Yana faɗa yana dariya.

Da fitarsa Sompondo suka ƙare, Mazaleni ta ci. Mata suka ɗauki guɗa, samari suka sungumi Zolile duk da ihun da yake yi musu na gwiwa. Aka sauko da rabin ragon, aka hura wuta, ƙwaryar giyar dawa ta fara zagawa. Tata Fezile ya wasa wuƙarsa a dutse ba tare da ya kalli kowa ba. Ya zare kafaɗar a tsanake, ya riƙe ta, samarin masu gudu suna tsaye kowa ya sunkuyar da kai.

"Tshawe," in ji shi.

Sunan zuriyarsu ne, wanda ake kiran namiji da shi in ana alfahari da shi. Zolile ya waiga yana neman wani dattijo a bayansa, don bai taɓa jin sunan daga bakin nan zuwa kansa ba. Mama Nokwakha ta tura shi da gwiwar hannu. "Kai ake kira, sakarai."

Ya matso ya karɓa da hannu biyu. Tsohon bai saki hannunsa ba. Ya juya shi, ya shafa kantar yatsan da babban yatsansa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya laluba aljihu ya fito da ƙwallon da ya ɓata a tsakuwa, ya ɗora yatsunsa biyu a miƙe bisa ɗinkin, riƙon da ya yi duk rayuwarsa.

"Ajiye naman nan tukuna," ya ce. "Nuna mini yadda kake riƙe shi."