Injin Markaɗen Lauratu

Tasi'u ya zura duwatsun guga cikin silindar injin, ya ɗiga baƙin mai, ya danna diril ɗin da ke juya su. Ƙarfe ya fara kuka.

Injin markaɗen Lauratu ne, matar ƙanensa marigayi. Da shi take ciyar da marayunta a gidan da mijin ya bari a Yalwawa, kuma muddin yana juyawa babu mai bakin ce mata ta koma Miga wurin iyayenta. Gidan kuwa ya daɗe yana tsone wa Tasi'u ido.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kafin a sa wa fistin sabon ringi, wato zoben ƙarfen da ke kai-komo cikin silinda, santsin cikin silinda kawai ake gogewa, a bar ɗan kaushin da ringin zai kama. In guga ta wuce kima ramin ya faɗaɗa, shi ke nan, inji ya tashi daga aiki. Kaf Dutse babu bakaniken da ya fi Tasi'u sanin haka. Ya leƙa, ya ga layukan sun fito a gicciye tsaf. Nan ya kamata ya tsaya. Ya ƙara mai, ya sake dannawa.

Lauratu na tsaye a bakin rumfar, ta ja mayafi.

"Yaya, ba zai yi yawa ba? Baban Zulfa ba ya daɗewa haka."

"Ke kika san aikin ko ni? Don marayun nan nake ɓata lokacina."

Kunya ta kama ta. "Yi haƙuri, Yaya. Allah ya saka."

Ya amsa da amin, bai ko ɗago ba.

*

Injin ya tashi, ya yi tari, ya cika tsakar gida da shuɗin hayaƙi. Da aka zuba wake sai ya shaƙe ya mutu. Masu ƙosai suka yi mata kara na ɗan lokaci, daga baya suka kwashe bokitansu zuwa wani layi. Ta sayar da katifa, ta sayar da akuya. Ranar da 'yarta Zulfa ta kwanta tana kukan yunwa, Lauratu ta ji zuciyarta ta karye.

"Inji ya tsufa, ƙaddara ce," in ji Tasi'u. "Ki tafi gida ki huta. Gidan nan ni zan riƙe wa marayu."

Ana loda kayanta a mota ta durƙusa gabansa.

"Yaya, ka riƙe injin. Babu wanda ya sha wahalarsa kamarka."

*

Kafin wata ya ƙare Tasi'u ya tare a gidan, ya ɗaura wa injin wata silinda. Wannan karon shafa ɗaya ya yi mata ya ajiye diril.

Da hantsi bokitan wake suka dawo suka jeru a ƙofar gidan. Matar Tasi'u ce ke zuba musu ruwa, da kofin robar da Zulfa ta manta.