Fasfon da Rabi'a ta Gasa

Rabi'a ta gasa fasfonta a na'urar ɗumama abinci, kuma bakin Ya'u ne ya jawo.

Maƙwabciyarmu ce a unguwar Waziriyya. Ta zo umara shekara huɗu da suka wuce, ta zauna tana soya waina, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Fasfon nan a leda take naɗe shi a ƙarƙashin katifa. Kullum tana gaya wa matata Mastura cewa ranar da tsohuwarta ta kira daga Gusau, shi ne hanyarta ta gida.

Sai wani jirgi mai saukar ungulu, baƙi wuluk, ya fara ratsa saman unguwa kowace la'asar. Ya'u mai aski ya ce ba shi da rubutu ko lamba, don haka na gwamnati ne na ɓoye. Wai akwai wani ɗan ƙarfe a bangon kowane fasfo, jirgin yana karanta shi daga sama, ya gane ɗakin da marar iƙama yake kwana.

Ni gyaran mukayyif nake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, rabin rayuwata a saman gini yake. Jirgin nan ya wuce dab da kaina ya fi sau biyar.

"Ya'u, yana da lamba a jela. Fara. Na gani da idona," na ce masa a shago.

"Malam Hamad, kai da ka gudu daga aji uku, yaushe ka fara karanta jirgi?"

"Kullum lambar inji nake karantawa. Kai ban da ƙeyar mutane me kake karantawa?"

"Ta bogi ce. Don irinku masu hawa sama suka shafa ta."

Masu jiran aski suka yi dariya. Halas, shi ke nan, ya ci gardamar. Washegari ya saki saƙon murya a waya: daƙiƙa goma a na'urar ɗumama abinci, ƙarfen ya mutu, takarda ba abin da zai same ta.

Warin ƙonannen roba ne ya kai ni ɗakin Rabi'a. Fasfon yana kan faranti. Bango ya narke, shafin hoto ya ƙone tun daga goshi har haɓa.

"Yaya Hamad, ai goma ya ce. Goma na ƙirga."

Da na buɗe baki da na yi zagi.

Bayan mako ɗaya aka kira daga Gusau: tsohuwa ta kwanta, sunan Rabi'a kawai take kira. Ta shirya ta miƙa kanta ga hukuma a mayar da ita gida, aka ce sai ta samo takardar tafiya ta wucin gadi, sai an tabbatar ita ce. Kuma da gaskiyarsu, wa zai gane mutum a gawayi?

Na koma wajen Ya'u, na ce ya nuna mini nasa fasfon. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ciro daga aljihun tebur. Lafiya lau, ko ƙura babu.

"Ni ina jira in ga na wasu tukuna," ya ce, yana goge reza.

Tun ranar Mastura ke yi mini aski a gida.

Takardar Rabi'a ta fito ranar kwana ashirin da shida da kiran Gusau. An binne tsohuwa tun ranar kwana sha tara.