Kwano a Kan Dutsen Kurma

Tun daga gindin dutse Hamdiyya ta hango wani abu yana ƙyalli, ta ce wa mai acaɓa ya tsaya. Ta sauka, ta kare rana da tafin hannu. Kwanon rufi ne, sabo fil, a kan ɗakin da ita ta zana, ta kuma gaya wa kowa kada a ɗora masa ko falle ɗaya. Ranta ya ɓaci har ta ji kunnenta yana zafi.

Ta kan Dutsen Kurma mutanen unguwarsu suke bi su sauko kasuwar Doguwa. A tsakiyar hanyar babu bishiya babu kogo, kuma a nan hadarin farkon damina yake ritsa mutane. Iskar wajen ba ta da mutunci. Daga gabas take tasowa da ƙanƙara, da sanyin da ke ratsa ƙashi. Bara wata tsohuwa ta tsugunna a gefen hanyar da ƙullin citta a ka tana jiran ruwa ya ɗauke, a tsugunnen aka same ta babu rai.

Shi ya sa Hamdiyya, da ta karanta zanen gine-gine a Kano, ta dawo ta zana musu mafaka. Bango mai kauri na dutse da jar ƙasa, gajere, ya juya wa gabas baya. Ƙofa ƙarama ta yamma. Rufi kuwa jinkar ciyawar shuci mai nauyi, a ɗaure da igiya a jikin manyan duwatsu. Komai nasa a dutsen yake, in ya lalace su gyara abinsu da kansu. An gama bango tana nan, saura rufi, aiki ya kira ta Kano. Tafiyar nan ce ta ja mata.

Da ta ƙarasa sama tana haki, sai ta tarar da maza birjik a gaban ɗakin, suna cin tuwon gayya a manyan kwanuka. A tsakiyarsu Baffa Mudi ne, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana goye, yana washe baki kamar mai bikin ɗan fari.

Ta durƙusa ta gaishe shi, don duk fushinta ba ta manta tarbiyya ba. Sai dai gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"Baffa, wa ya sa a ɗora wannan?"

"Au, ko sannu da aiki ba za ki yi musu ba? Ni na kira gayya. A ka mutanen nan suka hau da shi, falle-falle, tun daga ƙasa."

"Na ce jinka, Baffa. A gabanka na faɗa."

"Kin faɗa, mun ji. Mu kuma muka zauna muka ga ba za mu iya wannan abin kunyar ba." Ya ture kwanon tuwo gefe. "Duk garin da Allah ya ba su ɗan boko, bulo da kwano yake kawo musu. Mu tamu ta je jami'a ta dawo mana da ciyawa. Ran kasuwa har tambayata ake yi ko rumbu muke ginawa a kan dutse."

Wasu suka yi dariya. Dariyar ta ƙara tunzura ta.

"Ba kwalliya na zo yi ba! Ku duba katakon nan, a kan ƙasa kawai kuka kafa shi, me ya riƙe shi? Ranar da iska ta shiga ƙarƙashin kwanon nan gaba ɗaya za ta ɗaga shi. Wanda ya fake a ciki shi zai fara yanka, sauran ya bi hanya ya sami na baya."

"Allah ya kiyaye," in ji wani, suka amsa da amin, kamar da addu'ar an gama magana.

Baffa Mudi ya dube ta sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, in tambaye ki. A Kano, ƙarƙashin ciyawa kike kwana?"

Ɗakinta na haya kwano ne da silin, kowa ya sani.

"To ashe mu ne muka dace da ciyawa. Kuma in shucin ya ruɓe wa zai yanko sabo? Samari duk sun tafi ci-rani. Ni da wannan gwiwar?"

Maganar ta shige ta, don akwai gaskiya a ciki, kuma ba ta taɓa tambayarsu ba. Amma gaskiyar Baffa ba za ta riƙe kwano ba. Ta waiwaya gabas. Can gefen sama ya fara yin baƙi, yau ko gobe ruwan farko zai sauka, gobe kuma kasuwa, mata da goyo za su cika hanyar nan.

Tsani yana jingine da bango, guduma a ƙasansa. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ɗauki gudumar.

Mazan suka tsame hannu daga tuwo. A unguwarsu abin da gayya ta gina ba a warware shi. Wanda ya yi haka ya ce wa duk mutumin da ya ba da guminsa kyauta aikin banza ya yi, kuma ko gidansa ya rushe ba mai sake ɗaukar masa tubali ɗaya.

"Hamdiyya." Muryar Baffa ta yi ƙasa, hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Ni na kira mutanen nan da bakina. Kika zare ƙusa ɗaya, ni kika tsinka a gabansu."

"Gara ka ji haushina, Baffa, da a sauko maka da gawa."

Ta hau. Ta sa bakin guduma ta danna. Ƙusar ta fito da ƙara mai tsawo, kowa ya ji ta.

Ba wanda ya zage ta, da ma zagin suka yi da ya fi mata sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka wanke hannu, suka saɓa kayan aikinsu suka gangara. Baffa Mudi ne na ƙarshe, bai ko waiwayo ba. Ita kaɗai ta sauke fallayen, ta jera su a ƙasa ta danne da duwatsu, tana yi tana kukan takaici, yatsunta duk sun tsage. Da ta gama, ɗakin ya koma bango huɗu babu rufi, kuma ta san ba mai taya ta yankan shuci.

Bayan la'asar ta isa gidan Baffa ƙafafunta suna ciwo. Ta yi sallama a zaure za ta wuce ciki kamar kullum, sai ta tsaya. An shimfiɗa sabuwar tabarma a zauren. An fito da jakar kayanta da ta bari a ɗakin da ta girma a ciki, an ajiye a kai. Kusa da ita ga ruwa a kofi, ga tuwo a rufe cikin kwanon da ake fitar wa baƙi.