Maiƙo a Kan Farar Riga

A ɗakin wanki na otal ɗin, can ƙarƙashin ƙasa inda babu taga ko ɗaya, ba mai kiranta da sunanta. Kwala suke ce mata, saboda duk cikinsu ba wanda ya kai ta iya goge kwalar riga. Shekara tara tana tsaye a teburin da ke kusa da bututun tururi, kuma duk rigar baƙon da aka ji tsoron taɓawa, ita ake miƙa wa. Da bayan yatsunta take gane ko yadi ya sha yayyafi yadda ya kamata, da tafin hannu take bin sawun dutsen guga tana lalubo inda ya rage a yamutse. Da aikin nan take riƙe da kanta da Ummanta, su biyu rak a ɗaki ɗaya.

Hannuwan ne suka juya mata baya. Abin ya faro daga tsakanin yatsu, ɗan ƙaiƙayi kawai. Sai fatar ta bushe, ta yi fari-fari, ta fara tsagewa a kan gaɓoɓi. Tana sosawa da gefen teburi idan ba mai kallo.

"Ke Kwala, wannan ba ƙazuwa ba ce kuwa?" in ji Rediyo, wadda ke ninke tawul a teburin gefe, bakinta ba ya hutawa tun safe. "Don Allah kofina shi ne mai jan hannu, kada ki yi kuskure. Ina da miji, ina da 'ya'ya."

"Kirci ne. Ba ya yaɗuwa."

"Haka maƙwabciyata ta ce, yanzu har kyanwarsu susa take."

Aka yi dariya, Kwala ma ta ɗan yi, ta ɓoye hannun a aljihun rigar aikinta.

Wata safiya Madam, shugabar sashen, ta sauko da rigar filo a hannu. Ta shimfiɗa ta a teburin Kwala, ta ɗora farce a kan wani ɗigo ja wanda bai kai ƙwayar gero ba.

"Daga hawa na huɗu aka dawo da ita. Baƙo ya gani. Nuna min hannunki."

Kwala ta nuna. Madam ta duba, ta kau da kai.

"Ba na jin daɗin faɗa, amma jini a kan farin kaya ba abin da zan iya karewa ba ne a sama. Ki tafi kwana huɗu ki ga likita. Daga ranar da kika dawo, mako biyu na ba ki. In ya warke, shi ke nan. In bai warke ba, kin san sauran."

Likitan fata dattijo ne mai magana a hankali. Ya juya hannuwan ya sake juyawa, ya tambayi aikinta, ya girgiza kai. Ya ce fatar mutum tana da wani maiƙo nata da ke riƙe ta, kamar yadda siminti ke riƙe bulo, kuma nata sabulu da tururi sun cinye shi. Ya rubuta mata wani man shafawa mai omega a ciki, irin maiƙon da ake samu a jikin kifi da wasu 'ya'yan itatuwa.

"Safe, rana, yamma, da duk lokacin da kika wanke hannu. Kada ki bari fatar ta bushe. Kin ji ko?"

"Na ji, likita."

Umma ce ke shafa mata. Takan zaunar da ita a bakin gado, ta matso man a yatsa, ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. "Ji hannun budurwa kamar bayan kada. Miƙo ɗayan." Man fari ne, mai kauri, da ɗan ƙarni kaɗan. A rana ta uku ƙaiƙayin ya lafa. A ta huɗu Kwala ta dunƙule hannu ta buɗe, ba inda ya fashe. Ta yi ta dunƙulewa tana buɗewa kamar ƙaramar yarinya, har Umma ta ce ta bari haka kada ta tsokano shi.

Ta koma aiki da man a jaka. Da hutun rana ta shafa kamar yadda aka ce, ta goge da tsumma, ta ɗauki wata farar riga ta baƙo, mai laushi, irin wadda ake rubuta wa "a kula" a takarda. Ta shimfiɗa, ta bi da tafin hannu, ta ɗora dutse. Da ta ɗaga, sai ga su a bayan kafaɗar: sawun yatsu huɗu, rawaya-rawaya, a jere. Zafi ya fito da maiƙon da ido bai gani ba.

Ta waiwaya. Rediyo na can tana ba wani labarin surukarta. Kwala ta cukwikwiye rigar ta nufi teburin tabo a lungu, inda kwalaben magani ke jere, kowace da aikinta: na jini, na tawada, na tsatsa, na maiƙo. Ta ɗauki ta maiƙon, ta ɗiga, ta ɗan buga da burushi, ta ɗauraye. Tabon ya tafi kamar ba a taɓa yi ba.

Ta tsaya da kwalbar a hannu. Safar hannu ba ta yi mata, ta gwada tun farko: da safa ba ta jin yadi, kamar mutum ne a ce ya yi karatu da ido a rufe. Ta daina shafa man da rana kuma ba zai wadatar ba, don na safe yana nan a cikin fatar, zafin dutse zai jawo shi. Amma ita mai wanki ce. Abin da ta sani shekara tara shi ne maiƙo tabo ne, kuma tabo kowane iri yana da kwalbarsa. Sai ta ga ai abin mai sauƙi ne. Rana ta kaya, yamma ta hannu. Ta ɗiga maganin a tafinta, ta murza, ta ɗauraye. Ya ɗan yi zafi. Hannun ya fito ƙaƙas, ba santsi ko kaɗan. Ta goge riga goma sha ɗaya a ranar, ba tabo.

Haka ta riƙa yi. Kullum takan riga kowa zuwa, ta wuce lungu, ta wanke hannu da kwalbar maiƙo kafin ta sa rigar aiki. Da yamma Umma ta shafa, da safe ita ta cire.

"Wannan man ya daina ci ne?" Umma ta tambaya a rana ta biyar, tana duba tsagar da ta dawo, har ta fi ta da zurfi. "Kina shafawa a can kuwa?"

"Ina yi, Umma."

"Kalle ni ki faɗa."

"Umma, na gaji. Shafa min kawai."

Umma ta shafa, ta ƙara yawan man, har yana taruwa a tsakanin yatsu. Washegari sai da Kwala ta wanke sau biyu kafin ya fita.

Fatar ta fara tsattsafo ruwa. Ta koyi riƙe yadi da gefen hannu, ta koyi ajiye ɗan tsumma a aljihu tana dannawa kafin ta taɓa fari. Duk rigar da ta gama sai ta ɗaga ta a fitila ta duba gaba da baya. Aikinta ya ragu, kwandonta ya riƙa cika.

A rana ta tara Rediyo ta zo da wuri ta same ta a lungu.

"Me nake gani? Ke! Wannan abin da ko kan fatar takalmi ba a ɗigawa? Kin haukace ne?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Kawo hannun." Ta kama wuyan hannun da kanta, ba ta ko tuna da ƙazuwa ba. Ta daɗe tana kallo. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa. "'Yar uwa, wannan ya kumbura fa. Je ki gaya wa Madam, ko a mayar da ke wajen ƙirga tawul."

"Wajen ƙirga tawul akwai mutum. Kwana biyar suka rage. In na kai su ba tabo, zan nemi hutu in yi jinya."

"Da wane hannun za ki kai su?"

Kwala ta zare hannunta. Rediyo ba ta gaya wa kowa ba, amma ranar duka ba a ji labarin surukarta ba, kuma sau biyu ta jawo riguna daga kwandon Kwala zuwa nata.

A rana ta goma sha ɗaya ta tashi da zazzaɓi. Hannun dama ya yi suntum, ja har wuyan hannu, tsagar ta yi mugunya. Duk da haka ta je. Ta tsaya a gaban teburi, ta kai hannu ga mariƙin dutse, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sa hagu ta danna su. Wani zafi ya taso mata har ƙeya, ta durƙusa a wurin.

Likita bai yi faɗa ba. Ya wanke, ya matse, ya naɗe hannuwan biyu da bandeji har yatsu, sannan ya ce ta gaya masa gaskiya. Ta gaya masa, tana kallon ƙasa. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Abin da aka yi don ya narkar da maiƙo a jikin yadi," ya ce, "bai san bambancin man da na ba ki da na fatarki ba. Duka ya kwashe. Ƙwayar cuta ta samu ƙofa a buɗe." Ya rubuta allura da ƙwayoyi. "Zai warke, amma zai ɗauki makonni. Kuma fatar nan ba za ta sake jure wa tururi da sabulun can ba. Ki fara tunanin wani aikin."

"Likita, shi kaɗai na iya."

Ya miƙa wa Umma, wadda ta rako ta, takardar, don ita Kwala ba ta iya karɓa.

Ranar da mako biyun suka cika ta sauka ɗakin wanki da hannuwa a naɗe a ƙirji. Injuna na ta juyawa. Madam ta shigar da ita ofis, ta ja mata kujera, ta ce wallahi ba ta so haka ba, ta tura mata takardar barin aiki da biro. Kwala ta gwada kama biron tsakanin bandejin biyu, ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin teburi. Madam ta buɗe durowa ta ɗauko tawadar dangwale, ta dubi babban yatsan, shi ma a naɗe yake. Ta mayar da tawadar.

"Bar shi. Zan rubuta cewa kin zo."

Kwala ta miƙe. Ƙofar ofishin mai nauyi ce, ta ƙarfe. Ta juya ta sa kafaɗa ta tura, ta fita.