Masu Dubiya Sun Zo

"Tashi, tashi, ga matan layinmu sun zo," in ji Gwaggo, ta bubbuga mata ƙafa da tafin hannu. Ƙafar da aka yi wa aiki ta bubbuga.

Mama Tela ta farka da ƙara. Zafin ya taso daga kwatangwalo ya bi cinya har yatsu, kamar an ɗura mata tafasasshen ruwa a cikin ƙashi. Ta dubi agogon bango. Minti goma sha ɗaya ta samu.

Kwana tara ke nan da likitoci suka cire mata ƙashin kwatangwalon da ya cinye suka sa na ƙarfe, kuma tun da aka sallamo ta ba ta yi barcin kirki ba. Da dare rigingine kawai aka yarda ta kwanta, da matashi tsakanin ƙafafu, ba juyi, ba naɗewa, ciwon kuwa sai ya bari gida ya yi tsit sannan ya fara aikinsa. Sa'a biyu kacal take samun sauƙi, bayan maganin rana ya kama jiki. Daidai lokacin ne kuma mutane ke gama hidimarsu su yafa mayafi su fito dubiya.

Su biyar suka shigo. Biyu suka zauna a bakin gado, katifar ta lotsa, kwatangwalon ya karkata. Mama Tela ta cije leɓe.

"Ya jiki? Da sauƙi dai ko?"

"Da sauƙi."

Amsa ɗaya ce tambayar take karɓa. Wanda ya ce babu sauƙi ya yi rashin tarbiyya, ko da kuwa ransa ne ke fita.

"Ai wata 'yar'uwar maƙwabciyarmu irin aikin nan aka yi mata," in ji ta kusa da ƙafa. "Har ta koma ga Allah ba ta sake takawa ba."

"An ce ƙarfen sanyi yake ja da damina."

"Ni mai na kawo miki. A ɗaga bandejin a shafa safe da yamma."

Gwaggo, yayar maigidan, tana tsaye a bakin ƙofa tana gyaɗa kai kamar ita ta shirya taron. Ita ɗin ce ma. Tun ranar sallama ta tare a gidan da sunan jinya, jinyar kuwa ba ta wuce buɗe ƙofa da raba lemo ba.

Ana cikin haka Auta ta faɗo ɗakin, katin wurin aiki na rataye a wuyanta, takarda a yage a hannunta. Ita ce ƙaramar 'yar Mama Tela, hutun rana ta sato ta zo.

"Wa ya cire wannan daga ƙofa?"

"Ni," in ji Gwaggo. "Gidan ƙanena ba ofis ba ne da za a manna wa mutane lokacin shiga."

"An rubuta marar lafiya tana barci daga ɗaya zuwa uku. Me ya yi zafi a ciki? Gwaggo, jiya jiri ya kwashe ta a banɗaki, da ƙyar na tare ta. Mai gashin ƙashi na asibiti ya faɗa a gabanki, in ta faɗi ƙarfen nan ya goce, ɗakin tiyata za a koma. Rashin barci ne ke sa ta jiri!"

"Ji min yarinya! Boko ya hana ki gaida manya?"

Matan suka sunkuyar da kai, amma babu wadda ta motsa daga kan gadon.

Maigidan ya leƙo, jarida a hannu, gilashi a kan hanci. Shekara talatin da biyar ya yi a bayan tebur yana ce wa mutane su dawo gobe, kuma ritaya ba ta canza shi ba.

"Auta, sassauta murya. Haka ake yi. Mutum ya tako ƙafa don Allah, a ce masa ya koma?"

"Baba, ita da aka yanka fa?"

"Ta yi haƙuri. Lada take samu."

"To ka zo ka kwanta ka karɓar mata ladan na kwana ɗaya mana!"

Gwaggo ta tafa hannu. "Kin ga tarbiyya! To bari in gaya miki, uwarki ce ta koya mana. Bara da aka yi wa matar mai kanti tiyata ta rufe ƙofa, wa ya yi wata guda yana yawo da ita a baki? Wa ya ce girman kai ne? Wa ya tsaya yana dukan ƙofar sai da aka tashe ta?"

Mama Tela ta dubi silin. Gaskiya ne. Ta tuna fuskar matar, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, tana cewa da sauƙi. Ta tuna ita kanta ta zauna a bakin gadon sa'a guda cur tana ba ta labarin wata da ɗinkinta ya ruɓe. Kuma a kwana taran nan matar mai kanti kaɗai ce ba ta zo ba, har ta ƙullace ta a rai.

Maigidan ya gyara murya. "Af, na manta. Tsofaffin abokan aikina suna hanya, mota guda. Ƙarfe biyu za su iso. A ɗan gyara ta ta zauna."

"Auta," in ji Mama Tela. "Miƙo min sandar nan."

Auta ta jawo sandar ƙarfen mai ƙafa huɗu. Mama Tela ta zuro ƙafar a hankali yadda aka koya mata, ta dafa, ta miƙe. Gumi ya karyo mata. Sanda, ƙafar ciwo, ƙafar lafiya. Ta wuce matan, ta wuce tulin ledojin lemo da aka jibge a falo har sun fara ruɓa.

"Ina za ki a haka?" in ji Gwaggo.

"Inda ba a sona da yawa, Yaya."

Maigidan ya biyo ta har bakin mota. "Ke, wannan wane irin abin kunya ne? Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce da sauƙi. Abin da suka zo ji ke nan. Gadon na nan, su duba shi."

Auta ta tura kujerar gaba baya, ta sa matashi, ta ɗaga mata ƙafar. Kowane rami a titi sai da Mama Tela ta ji shi a haƙori. Da suka zo wucewa ta gaban kantin, ta kawar da kai.

Shagon ɗinkinta na cike da ƙara, keke shida na gudu, ana ta aikin kayan makaranta. Almakashi, babbar ma'aikaciyarta mai yanka, ta hango ta, ta ɗaga hannu a tsaya.

"Wa ya ce ku tsaya?" in ji Mama Tela. "Wanda ya ce min ya jiki, na kore shi."

Almakashi ta dube ta sama da ƙasa. "Kin yi muni, Mama."

"Yauwa. Ke kaɗai ce mai gaskiya a garin nan."

A ɗakin baya akwai dogon benci mai katifa, mai tudu, inda ta yi shekara ashirin tana kishingiɗa da rana tsakanin bandir-bandir na yadi. Suka kwantar da ita rigingine. Almakashi ta naɗe ragowar yadi ta cusa mata tsakanin gwiwoyi, ta ja labule, ta ɗauko kujerarta ta dasa a bakin ƙofa, almakashin a cinya. Wayar Auta ta yi ƙara. Baba ne. Ta kife ta a kan tebur.

Ciwon na nan, bai je ko'ina ba. Amma babu mai kallon fuskarta. Kekunan suka ci gaba da sukuwa ta bayan katako, ta san muryar kowanne. Na uku yana tsallake ɗinki, zaren ƙasa ya yi sako-sako, sai an tsaya an ɗaure shi tun bai ɓata rigar mutane ba.

Ta buɗe baki za ta faɗa, barci ya riga ta.

Keke na uku ya yi ta tsallake har ƙarfe biyar.